Bashin da ake ci a farkon maraton, da yadda jiki ke karɓar kayansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi wajen kilomita 35 ranar gudun yada ƙanin wani, wato maraton, ya san abin da zan faɗa. Mutanen da ɗazu da safe suka wuce suna dariya suna ɗaga wa jama'a hannu, yanzu su ne ke jan ƙafa kamar an ɗaura musu dutse, wani ya dafa gwiwa, wani ya riƙe bayan cinya yana ɗingishi, wani kuma ido a buɗe amma ko ka kira sunansa ba zai ji ka ba. In ka tambaye su daga baya me ya faru amsar kusan ɗaya ce, wai "ai lafiya lau nake har kilomita 30, kawai sai jiki ya ƙi". Toh ba kawai ba ne malam. Abin da ya same su a 35 tun a kilomita 5 suka yi cinikinsa, kayan ne dai bai iso ba sai yanzu.

Ni yadda nake kallon maraton, harkar bashi ce. Duk sakan ɗin da ka ara a farko alhali ba naka ba ne, jiki zai karɓi abinsa har da ruwa, kuma biya biyu ake yi, wani a kan titin a kilomita 10 na ƙarshe, wani a gida cikin makonnin da ke biyo baya. Shi ya sa bana raba zancen taki (wato saurin da kake riƙewa a kowane kilomita) da zancen hutu, asusu ɗaya ne.

Bari mu fara da lissafin mai, don nan ne tushen abin. Tsawon maraton kilomita 42.195 ne (wannan ɗan wutsiyar ta mita 195 daga gasar Olamfik ta Landan a 1908 aka gado ta, sai a 1921 aka tsayar da ita a hukumance). Jiki tanki biyu gare shi. Na farko shi ne sukarin da yake adanawa a tsoka da hanta, wanda ake ce wa gilaikojin, giram 400 zuwa 500 a tsoka, wajen giram 100 a hanta, in ka haɗa ka samu kalori 2,000 ko ƙasa ko sama kaɗan. Na biyu kitse ne, shi kam ko siririn mutum yana ɗauke da wanda zai ishe shi maraton da yawa a jere. Gudu kuma yana cin kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyinka a kowane kilomita, kenan mai kilo 70 yana buƙatar wajen kalori 2,900 kafin ya kai ƙarshe. Kaga tankin farko shi kaɗai ba zai kai ka gida ba, dole kitse ya shigo ya ɗauki wani kaso.

Matsalar ita ce kitse ɗanyen itace ne, yana ci amma a hankali, kuma yana neman iska sosai. Gilaikojin kuwa fetur ne, kana kyasta ashana ya kama. Iya saurin da ka ƙara iya yadda jiki ke barin itacen ya koma kan fetur ɗin, kuma ba daidai wa daida abin ke tafiya ba, ɗan ƙarin sauri kaɗan sai ya ja ƙarin ƙona sukari mai yawa. In fetur ya ƙare a kilomita 32 sai ka koma kan ɗanyen itace zalla, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi dum, har lissafin minti nawa ya rage sai ya gagare ka don ita ma ƙwaƙwalwa sukari take ci. Wannan shi ne abin da 'yan gudu ke ce wa karo da bango. Ba ragwanci ba ne kuma ba rashin zuciya ba ne, wlh in ya zo maka ko wa ke maka kirari a bakin titi ba abin da zai ƙara maka.

Yanzu duba cinikin da mutane ke yi. A ce burinka awa 4, takinka kenan minti 5 da sakan 41 a kowane kilomita. Ranar tsere ka ji jiki garau, sai ka ce bari in tara 'yan mintoci in ajiye saboda gaba, ka riƙa yin 5:26. Sakan 15 ne kawai bambancin, a lokacin ko ji ba za ka yi ba. Ka kai rabin hanya ka tara minti 5 da ɗan wani abu, kana ta murna. Sai a kilomita 10 na ƙarshe takin ya zube ya koma 7:00, kowane kilomita kana asarar sakan 79, sau goma kenan sama da minti 13. Ka ari 5 ka biya 13. Wannan ma in ka ci gaba da gudun ne fa, in kuwa ta kai ka ga takawa da ƙafa to kilomita ɗaya sai ya ci maka minti 10 zuwa 12, daga nan ba a ma zancen awa 4 kuma, ana zancen a dai ƙarasa ne.

Kuma kar ka ɗauka mu ƙananan 'yan gudu kaɗai abin ke kamawa. A Balin ta Jamus a 2022 Eliud Kipchoge na Kenya ya kai rabin hanya a minti 59 da sakan 51, saurin da in ya riƙe shi zai sauka ƙasa da awa 2, amma rabi na biyu ya ci masa 61:18, ya gama a 2:01:09. Tarihi ya kafa a ranar, ba a musu, amma shi ma ya biya. Shekara ɗaya bayan nan a Shikago, Oktoban 2023, marigayi Kelvin Kiptum ya kai rabi a 60:48, wato kusan minti ɗaya a bayan inda Kipchoge yake a wancan lokacin, sai ya yi rabi na biyu a 59:47 ya gama a 2:00:35. Wanda ya fi jinkiri a farko shi ya fi sauri a ƙarshe da sakan 34. Shi kansa Kipchoge lokacin da ya yi 2:01:39 a Balin a 2018 haka ya yi, 61:06 sannan 60:33. In waɗannan mutanen da gudu ne sana'arsu minti ɗaya na gaggawa yana nuna kansa a jikinsu, ina ga ni da kai.

To me ya sa kullum ake faɗawa ramin nan, har waɗanda suka san zancen? Saboda ranar tsere jiki ƙarya yake maka. Ka yi sati biyu ko uku kana rage atisaye don ƙafa ta huta, ka cika ciki da abinci mai sitaci kwana biyu, ga taron jama'a ga kiɗa ga ɗoki, takin da ke ba ka wahala a tirenin sai ka ji shi kamar yawo. Sannan ga girman kai, wani wanda a ganinka ka fi shi ya zo ya wuce ka a kilomita 3, zuciya ta ce a'a. Bar shi ya tafi, in Allah ya so za ku gaisa a 36. Wani abin dariya ma, da aka bi sakamakon tsere masu yawa an ga maza sun fi mata zubewa a rabi na biyu, mata sun fi iya riƙe taki ɗaya. Ni dai ban yi mamaki ba.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci, ta ina za ka san takinka na gaskiya? Ba daga buri ake ɗauko shi ba, daga abin da ka riga ka yi ne. Akwai wani lissafi da Pete Riegel ya fitar a 1977 wanda har yau manhajoji da yawa da shi suke aiki, a taƙaice ka ɗauki lokacinka na rabin maraton ka ninka sau 2.085. Wanda ya yi rabi a awa 1 da minti 50 zai ba shi wajen 3:49. Amma lissafin yana ɗauka ne ka yi tirenin ɗin da ya dace da cikakken maraton, dogayen gudu na kilomita 28 zuwa 32 da kilomitoci masu kauri a kowane sati na tsawon watanni. In ba ka yi ba, lambar nan yaudararka za ta yi, ƙara mata minti 10 ko 15 ka huta, musamman in karonka na farko ne. Gwaji mafi sauƙi kuma, a rabin farko ya kamata ka iya faɗa wa na kusa da kai jimla guda cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba. In a kilomita 12 kalma biyu-biyu kake iya fitarwa, bashi kake ci, ko agogo ya ce daidai kake.

Yadda nake raba hanyar ni dai, kilomita 5 na farko da gangan nake yin ƙasa da takina da sakan 5 zuwa 10, dama cunkoso ne, kuma zilliya tsakanin mutane kana neman wucewa ƙarfi kawai take ci tana ƙara maka mitoci. Daga nan har 30 taki ɗaya, kamar an ɗaure ka, ya kamata ma ka ji abin ya ɗan gundure ka. Daga 30 ko 32 in akwai saura a jiki sai a fito da shi. In hanya tana da tudu da gangare kuma, ƙoƙarin za ka daidaita ba lambar agogo ba, ka bar tudu ya ci sakan ɗinsa. Maraton ɗin Bostan misali ne mai kyau, farkonsa gangare ne mai daɗi da ke jan mutane su saki ƙafa, gangaren yana ta dukan tsokar gaban cinya ba su sani ba, sai tuddan Newton su tare su bayan kilomita 25, na ƙarshensu wanda ake kira Heartbreak Hill yana wajen kilomita 33, daidai lokacin da fetur ke ƙarewa.

Wani ɗan abu kan agogo mai GPS, kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Masu auna hanya mafi gajeren layi suke bi da keke, su yanke kowace kwana, kai kuwa ba haka za ka bi ba, ga dogayen gine-gine na rikita siginal, shi ya sa kusan kowa agogonsa ke nuna 42.5 ko fiye a ƙarshe. In ka bi takin agogo daidai-daidai sai ka tarar ka makara da minti 2. Ka riƙa duba lokacinka a allunan kilomita na kan hanya, su ne gaskiya.

Zafi kuma shi ke rusa duk lissafin da na yi a sama. Jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, ruwa na fita ta gumi, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai bugunta ya yi ta hawa alhali saurinka bai canza ba. Yanayin da ya fi dacewa da maraton sanyi-sanyi ne, wajen digiri 10, shi ya sa manyan tseren da ake kafa tarihi a cikinsu ake yin su lokacin da gari ya yi sanyi. A gasar duniya ta Doha a 2019 sai tsakar dare aka fara maraton ɗin mata saboda zafi, duk da haka 28 cikin 68 ba su ƙarasa ba. Jim Peters na Ingila, mutumin da ya fara sauka ƙasa da awa 2 da minti 20, a Bankuba ta Kanada a 1954 ya ƙi sassautawa a rana mai zafi, ya shigo filin wasa da tazarar sama da minti 15 tsakaninsa da na biyu, ya yi ta faɗuwa yana tashi a gaban jama'a, bai kai layin ba, kuma daga ranar bai sake tsere ba. In ka tashi ka ga rana za ta yi zafi, tun kafin a busa ka rage burinka, kar ka jira jiki ya rage maka.

Ci da sha a kan hanya, a gajarce. Giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, waɗanda suka horar da cikinsu suna kai 90, jel guda (ɗan ƙunshin sukari mai kauri da 'yan gudu ke tsotsa a hanya) yawanci giram 20 zuwa 25 ne, kuma tun minti 30 zuwa 45 na farko ake farawa, in ka jira sai ka ji yunwa ka makara. Ba a fafe gora ranar tafiya, jel ɗin da ba ka taɓa sha a tirenin ba, sabon takalmi, sabuwar safa, duk ba ranarsu ba ce. Ruwa kuma a nan mutane ke wuce gona da iri, an tsorata su da bushewar jiki sai su yi ta ɗirka a kowane tebur har gishirin jininsu ya tsarma. Wani bincike da aka yi kan 'yan gudun Bostan na 2002 ya samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada da wannan matsalar, kuma waɗanda suka daɗe a hanya, sama da awa 4, sun fi shiga haɗarin don sun fi samun lokacin sha. Abin yana kisa in ya yi tsanani. Ka sha gwargwadon ƙishi.

Toh ka tsallake layi, an rataya maka lamba. Kar ka tsaya cak. Awanni ƙafafunka suna aikin famfo suna mayar da jini sama, kana tsayawa famfon ya mutu, jini ya taru a ƙasa, sai jiri, wani har ya zube. Yawancin waɗanda ke faɗuwa bayan layi wannan ne, maganinsa a ci gaba da takawa minti 10 zuwa 15, in kuma an faɗi a kwanta a ɗaga ƙafa sama. Amma wanda ya faɗi tun kafin layi, ko yake sambatu bai san inda yake ba, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko amai ya ƙi tsayawa da ciwon kai mai tsanani, wannan ba na ɗaga ƙafa ba ne, a kira ma'aikatan lafiya nan take, kuma kar a yi ta ɗura masa ruwa don ba a san ko ruwan ne ya yi masa yawa ba.

Ka canza kaya masu gumi da wuri don sanyi na kama mutum ba zato. Ci ba zai yi daɗi ba a awar farko, ciki a jagule yake, amma ka daure ka sa wani abu mai sitaci da ɗan gishiri da abin gina jiki giram 20 zuwa 30, ko a ruwa-ruwa ne. A ranar da aka saba jiki na iya cika tankin gilaikojin cikin awa 24 in an ci da kyau, amma tsokar da ta ji rauni ba ta karɓa da sauri, bayan maraton abin na iya ɗaukar kwanaki, don haka wannan satin ba na rage ƙiba ba ne. Sannan dan Allah a bar haɗiyar ibuprofen da danginsa kafin tsere ko ana gamawa, ƙoda ta riga ta wahala da ƙarancin ruwa da dattin tsokar da ta farfashe, kar a ƙara mata. In ka ga fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ko ya ƙi zuwa sam, asibiti za ka tafi a ranar.

Ciwon gaske sai washegari, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, lokacin da saukowa daga bene ke zama aiki har ka ga babban mutum yana saukowa da baya-baya yana riƙe da ƙarfe. Har yanzu za ka ji ana cewa wai laktik asid ne, sinadarin da tsoka ke fitarwa in tana aiki da ƙarfi, ya taru. Ba shi ba ne, shi cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya wanke. Ƙananan yagewa ne a zaren tsoka da kumburin gyara, mafi yawa a gaban cinya don ita ke taka birki a kowane taku, sau dubun dubata. A nan ne biya na biyu na bashin nan ke fitowa. Wanda ya riƙe takinsa ya gama da tsarin gudunsa bai lalace ba, da wanda ya yi awa guda yana jan gajiyayyar ƙafa yana dira a karkace ga tsoka na ɗaurewa, ba jinya ɗaya za su yi ba. Ni na gwada duka biyun, wanda na fita da wuta sati biyu cur ina jin bayan gwiwata, wanda na yi haƙuri a farko kuwa kwana huɗu na koma hawa bene kamar kowa, kuma shi ne ma na fi sauri.

Ruwan ƙanƙara, tausa, matsattsiyar safa, bindigar tausa, duk in suna maka daɗi ka yi, suna rage jin ciwo na ɗan lokaci, amma ba su ke ɗinke tsoka ba, kuma tausa mai ƙarfi a kwana biyun farko tana iya ƙara rauni. Barci da abinci da kwanaki su ke aikin. Daren farko ma barcin ba lallai ya zo ba, jiki na zogi kai na ta maimaita tseren, na biyu da na uku su ne za ka rama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sati na biyu. Ciwo ya tafi, ga zumuɗi, ko kuma haushin lokacin da aka samu, sai mutum ya ce bari in koma fili in gyara. Tafiyar ciwo ba ita ce warkewa ba, gyaran cikin tsoka yana ɗaukar makonni, jijiyoyi da ƙashi kuma sun fi tsoka jinkiri. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta 'yan gudu, kwana ɗaya na sauƙi ga kowane mil da aka yi tsere, mil 26 kwana 26. Ba wai kwanciya za ka yi wata guda ba, ana nufin ba gudu mai tsanani ba wani tsere. Satin farko tafiya da ƙafa, in ka so ɗan ninƙaya ko keke a hankali. Ƙarshen satin ko farkon na biyu ka gwada minti 20 zuwa 30 a sannu ka ji me ƙafa za ta ce. Na uku da na huɗu ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar ka juya yadda ka rage atisaye kafin tsere ne ka bi shi ta baya. Manyan 'yan gudun duniya ma da ke da likitoci da masu tausa a kansu, maraton biyu suka saba yi a shekara, in ya yi yawa uku.

Ka kuma iya bambance ciwo. Wanda ya bazu a tsoka, ƙafa biyu duka, yana sauƙi in ka motsa, wannan na hanya ne zai wuce. Wanda ke wuri ɗaya a kan ƙashi, za ka iya nuna shi da yatsa, a ƙwauri ko saman tafin ƙafa ko kwankwaso, yana ƙaruwa in ka taka ko ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, wannan yana iya zama tsagewar ƙashi, likita za ka gani kafin ka sake ɗaura takalmi. Haka naman bayan ƙwaurin ƙafa guda in ya kumbura ya yi zafi shi kaɗai, musamman bayan doguwar tafiya a zaune a mota ko jirgi, kar a ce gajiya ce a yi ta murza shi, yana iya zama daskarewar jini. Farcen da ya yi baƙi kuwa ƙyale shi, zai faɗi da kansa wani ya fito, watanni dai zai ɗauka.

Akwai kuma wani sanyin jiki da ba a cika faɗa ba, wata huɗu rayuwarka duk a kan rana ɗaya take, ranar ta zo ta wuce, sai ka tashi da safe ka rasa me za ka yi da kanka, abin har ya taɓa zuciya. Yana faruwa da mutane da yawa, kuma a cikin wannan halin ne ake rajistar wani tseren da bai wuce sati uku ba. Ka ba wa hannunka haƙuri tukuna. Abin da ya fi amfani a kwanakin nan, ka buɗe sakamakonka ka kwafe lokacin kowane kilomita 5 a takarda tun abin bai bar kanka ba, ka rubuta a gefe a ina ka sha jel na farko, yaya zafin ranar yake, a wane allo ka fara jin ƙafa ta yi nauyi, da kuma wa kake bi a kilomita 8 da bai kamata ka bi ba.